Yadda Ake Jin Daɗin Besbol da Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka Duk Tsawon Shekara

A Amurka akwai wasanni biyu da suka raba shekara a tsakaninsu kamar da shawara aka yi. Besbol na manyan ƙungiyoyi, wanda ake kira MLB, yakan buɗe a ƙarshen Maris ya rufe a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, shi kuwa ƙwallon kwandon jami'o'i, wanda hukumar NCAA ke kula da shi, yakan soma a makon farko na Nuwamba ya kammala a farkon Afrilu. A 2025, alal misali, Los Angeles Dodgers ta doke Toronto Blue Jays a wasa na bakwai na World Series, jerin wasannin ƙarshe da ke fitar da zakaran MLB, a daren 1 ga Nuwamba, kwana biyu bayan haka ɗaliban jami'o'i suka shiga fili. Saboda haka wanda ya riƙe wasannin biyu ba zai rasa abin bi ba. Sai dai kowannensu da irin kallon da yake so. Besbol abokin zama ne na yau da gobe, ana iya sauraronsa ana wani aiki, ƙwallon kwandon jami'a kuwa so yake a ajiye komai a zuba masa ido, domin abin da zai faru a cikinsa nan da nan yake faruwa. Yawancin waɗanda suka gwada ɗaya suka ce bai yi musu ba, sun yi masa irin kallon da ya dace da ɗan'uwansa ne.

A besbol, abin da za ka fara yi shi ne ka zaɓi ƙungiya guda ka tsaya a kanta. Ƙungiyoyi 30 ne, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada, kuma kowacce tana buga wasa 162 a cikin wata shida, wato kusan kullum. Wanda ya ce zai bi su duka zai tashi ba tsuntsu ba tarko. Dalilin zaɓin ba sai ya yi nauyi ba. Wani ya bi New York Yankees saboda kofuna 27 da ta tara, wani ya bi Cubs ta Shikago saboda shekara 108 da ta yi tana jira kafin ta sake ɗaukar kofi a 2016, wani kuma ya bi Dodgers saboda Shohei Ohtani, ɗan Japan ɗin nan da ke jifa kuma yake bugu, abin da ba kasafai ake samu ga mutum ɗaya ba. A ganina ya fi kyau a zaɓi ƙungiyar da ke da matasan 'yan wasa masu tasowa a kan wadda ta ɗauki kofin bara, domin daɗin besbol yana cikin ganin mutum ɗaya kullum har ka san halinsa, ka san irin jifan da ke ruɗa shi, ka kuma gane ranar da hannunsa ya faɗa.

Dokokin da ake bukata kafin a zauna ba su da yawa. Ƙungiya ɗaya tana da mutum tara a fili suna tsaro, ɗayar tana turo masu bugu ɗaya bayan ɗaya. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 daga inda mai bugu yake, yana jefa ƙwallon zuwa ga mai cafkewa da ke tsugunne a bayan mai bugun. Idan mai bugu ya samu ƙwallon da sandarsa, sai ya ruga zuwa tasha ta farko, kuma akwai ƙafa 90 tsakanin kowace tasha da ta gaba. Duk wanda ya ratsa tasoshi uku ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya, wanda kuma ya buga ƙwallon ya tsallake katangar ƙarshen fili, shi da duk waɗanda ke kan tasoshi sai su zagayo gida ba mai tare su. Idan aka fitar da mutum uku, masu tsaro su koma bugu, masu bugu su koma tsaro, haka har zagaye tara. Babu agogon da zai ce lokaci ya ƙare, don haka ƙungiyar da ke gaba ba ta da hanyar ɓata lokaci, dole ta fitar da mutum 27 komai daren daɗewa.

Inda sabon mai kallo yake kuskure shi ne ya riƙa jiran a buga ƙwallo, alhali ainihin wasan yana tsakanin mai jifa da mai bugu kafin a buga komai. Ka sa ido a kan lambobi biyu da ke gefen allon talabijin. Ta farko tana ƙirga jifan da ya kauce daga inda ya kamata ya bi, kuma idan ya kai huɗu, mai bugu ya tafi tasha ta farko a kyauta. Ta biyu tana ƙirga jifan da ya bi ta daidai mai bugu ya ƙyale, ko wanda ya kai wa sanda ya kuskure, kuma idan ya kai uku an fitar da shi. Waɗannan lambobi su ne ke nuna wanda ke da rinjaye a kowace daƙiƙa. Idan allo ya nuna 3 da 0, mai jifa ne a takure, tilas ya jefo ƙwallon ta tsakiya, mai bugu kuwa ya sani. Idan ya nuna 0 da 2, mai bugu ne ke tsaka mai wuya, mai jifa yana da damar ya jefa masa wanda zai faɗi ƙasa don ya yaudare shi. Ƙwallon da aka jefa da gudun mil 95 a awa yana isa wurin mai bugu cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, saboda haka ba ya da lokacin tunani, sai dai ya yi hasashe tun kafin ƙwallon ya bar hannu. Mai jifa kuwa da wannan hasashen yake wasa: ya jefo mai gudu sau biyu, na uku ya jefo da irin wannan motsin hannu amma a hankali, sai ka ga sanda ta wuce kafin ƙwallo ya iso. Ka gwada faɗin irin jifan da zai biyo baya kafin a yi shi. Za ka yi kuskure da yawa a makon farko, amma daga ranar da ka fara cankar daidai, ba za ka ƙara cewa wasan yana da sanyi ba.

Akwai wani yanayi da ya cancanci a tsaya a kalle shi da kyau. An fitar da mutum biyu, akwai 'yan wasa a kan dukan tasoshi uku, allo kuma ya nuna 3 da 2. Jifan da zai zo shi zai raba gardama, domin idan ya kauce an ci maki, idan mai bugu ya kuskure zagaye ya ƙare. Masu tsayuwa a tasoshi ba su da abin jira, da zarar mai jifa ya ɗaga ƙafa sai su zuba a guje su uku a lokaci guda, 'yan kallo duk sun miƙe. Sau da yawa mai bugu yakan taɓa ƙwallon ya fita gefen fili, wanda a wannan hali ba a ƙirga shi, sai kowa ya koma inda yake a sake. Ana iya maimaita haka sau huɗu ko biyar, kowane karo zuciya tana ƙara bugawa.

Sai kuma ka koyi shan kaye. Mai bugun da ke samun nasara sau uku cikin goma gwani ne, kuma tun da Ted Williams ya kammala kakar 1941 da .406, wato nasara sau 406 cikin dubu, babu wanda ya sake kaiwa huɗu cikin goma a cikakkiyar kaka a rukunoni biyun da ke cikin MLB a yau. Seattle Mariners ta ci wasa 116 a 2001, adadin da babu ƙungiyar da ta taɓa wucewa, amma duk da haka an doke ta sau 46 a shekarar. Wanda zai ɓata rai a kan kowane wasa ba zai kai Yuni ba. Abin da ya fi shi ne ka auna ƙungiyarka da jerin wasanni, tunda a kan buga uku ko huɗu a jere da abokiyar hamayya ɗaya kafin a tashi zuwa wani gari. Idan ta ci biyu cikin uku, mako ya yi kyau. Ka kuma duba wanda zai fara jifa kafin ka yanke shawarar zama, domin masu fara jifa yawanci biyar ne suna karɓa-karɓa, kuma ranar gwanin cikinsu ita ce ranar da ta cancanci ka keɓe wa lokaci.

Ba dole ne a kalli kowane wasa ba, kuma babu mai iyawa. Besbol wasa ne da ya girma tare da rediyo, tazarar da ke tsakanin jifa da jifa tana ba mai sharhi damar ba da labari, har ma Vin Scully ya yi shekara 67 yana sharhin wasannin Dodgers, daga 1950 zuwa 2016, mutane suna shiga filin wasa da ƙananan rediyo don su ji shi alhali suna ganin abin da idonsu. Ka kunna sharhin kana wanke-wanke ko kana tuƙi, idan muryar mai sharhi ta tashi ka san lokacin komawa ga allo ya yi. Tun 2023 da aka kafa agogon jifa, wanda ya ba mai jifa daƙiƙa 15 idan babu kowa a tasha, matsakaicin tsawon wasa ya sauko daga sama da awa uku zuwa kimanin awa biyu da minti 40. Wanda ke zaune nesa da Amurka zai tarar yawancin wasannin suna faɗawa cikin dare, tunda da misalin ƙarfe 7 na yamma agogon garin ake farawa. Mafita ita ce wasannin ranar Lahadi da akan buga da rana, da kuma taƙaitaccen bidiyo da jadawalin sakamako da safe. Minti biyar a kan wannan jadawali sun isa ka san wanda ya yi bugu mai kyau da zagaye nawa mai jifa ya jure.

Idan kuwa ka samu ranar da za ka zauna tun daga farko har ƙarshe, ka ɗauko takarda da fensir ka rubuta wasan da hannunka, tsohuwar al'ada ce da har yau ake ganin masu yinta a kujerun filayen wasa. Kowane mai tsaro yana da lamba: mai jifa 1, mai cafkewa 2, mai tsaron tasha ta farko 3, na ta biyu 4, na ta uku 5, wanda ke tsakanin ta biyu da ta uku 6, sai mutum uku na nesa, 7 a hagu, 8 a tsakiya, 9 a dama. Idan ƙwallo ya gangaro wurin mai lamba 6, ya jefa wa 4 aka fitar da mai gudu, shi kuma ya juya ya jefa wa 3 aka fitar da mai bugu, sai ka rubuta 6-4-3 a cikin ɗan akwatin da ke gaban sunan mai bugun, ka gama da mutum biyu da lambobi uku. Wanda aka fitar da jifa uku ana rubuta masa harafin K, idan kuma yana tsaye yana kallo na ukun ya wuce shi, sai a juya harafin ya fuskanci baya. Fensir ya fi biro, domin mai rubuta sakamako na hukuma yakan canja hukunci bayan ka riga ka rubuta. Amfanin wannan aiki shi ne, a zagaye na bakwai idan wani ya zo bugu, kallo ɗaya za ka yi wa takardarka ka ga cewa sau biyu ke nan ana yaudararsa da jifa mai faɗuwa.

Da Nuwamba ta kama, sai a canja zama. Jami'o'in da ke mataki na ɗaya na NCAA sun haura 350, kuma kowacce tana buga kimanin wasa 30 kacal kafin gasannin Maris, don haka kowane wasa yana da nauyinsa. Nan ma a zaɓi jami'a guda, amma a haɗa da rukunin da take ciki, irin su ACC da Big Ten da SEC da Big 12 da Big East, domin a cikin rukuni ne tsohuwar hamayya take. A Nuwamba da Disamba akan kara da jami'o'in waje, kallo ɗaya a mako ya wadatar. Daga Janairu ake shiga wasannin rukuni gadan-gadan, kuma a nan ne ya kamata ka mai da hankali.

Kada ka ƙulla zuciyarka ga ɗan wasa ɗaya kamar yadda ake yi a besbol. Gwanayen cikinsu sukan yi shekara guda su wuce NBA, gasar ƙwararru, kuma tun 2021 da aka sassauta dokar sauya makaranta, aka kuma halatta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu, ƙungiya takan canja fuska daga shekara zuwa shekara. Abin da ke dawwama shi ne koci da zauren wasa da ɗaliban da ke cika shi. John Wooden ya ci wa UCLA kofi 10 cikin shekara 12, Mike Krzyzewski ya riƙe Duke daga 1980 zuwa 2022, kuma har yau ɗaliban Duke sukan kafa tantuna a wajen zauren Cameron su kwana makonni cikin sanyin hunturu don su samu wurin tsayuwa ranar da za a kara da North Carolina, wadda ke kimanin mil 8 daga gare su. Idan za ka kalli wasa ɗaya tak a Fabrairu, to ya zama wannan, ko kuwa wasan Kansas a zaurenta na Allen Fieldhouse, jami'ar da James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro wasan a 1891, ya fara horarwa.

Wanda ya saba da NBA zai lura da 'yan bambance-bambance. Maza suna buga rabi biyu na minti 20, mata kuwa kashi huɗu na minti 10. Ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo a kwando maimakon 24, kuma laifi biyar ke fitar da ɗan wasa maimakon shida, shi ya sa idan gwani ya yi laifi biyu da wuri koci yakan zaunar da shi har a tafi hutu, a nan ne kuma ƙaramar ƙungiya ke samun ƙofa. Dokar da ta fi ɗaga hankali a wasan maza ita ce ta laifi na bakwai da ƙungiya ta tara a rabi ɗaya. Daga nan wanda aka yi wa laifi yana samun jifa ɗaya a kyauta, sai ya ci sannan a ba shi na biyu, har laifuffukan su kai goma. Ka ɗauka saura daƙiƙa 18, ƙungiyar da ke baya da maki biyu ta yi laifi da gangan don ta tsayar da agogo, yaro ɗan shekara 19 ya tsaya a kan layi, dubban ɗalibai a bayan kwando suna kaɗa hannu suna ihu. Ya buga ƙwallon a ƙasa sau uku, ya ja numfashi, ya jefa. Idan ya doki baƙin ƙarfe ya dawo, babu na biyu, kuma abokan hamayya suna da isasshen lokacin jefa mai maki uku. 'Yan wasan jami'a suna kuskure fiye da ƙwararru, kuma wannan kuskuren shi ne rabin daɗin kallonsu.

Maris shi ne watan da ake jira, har Amurkawa suna kiransa March Madness, wato haukan Maris. An fara gasar a 1939 da jami'o'i takwas, ta kai 64 a 1985, ta kai 68 a 2011. Zakarun rukunoni suna shiga kai tsaye, sauran kuma wani kwamiti ne ke zaɓa, ya bayyana sunayen a wata ranar Lahadi a tsakiyar watan, ya raba su shiyya huɗu, ya ba kowace jami'a lamba daga 1 zuwa 16 gwargwadon ƙarfinta. Wanda aka doke sau ɗaya ya koma gida. A daren nan ka buga jadawalin a takarda ka cike hasashenka na wasanni 63 da ke biyo bayan wasannin share fage da ke rage jami'o'in zuwa 64, ka sa abokanka su cike nasu. Ba sai an sa kuɗi ba, kuma ban ga abin da kuɗi ke ƙarawa ba sai ɓacin rai, dariyar da za a yi wa wanda zakaransa ya faɗi a ranar farko ta isa lada. Ka bar masu lamba 1 su wuce zagayen farko, tunda sau biyu kawai masu lamba 16 suka taɓa kayar da su a gasar maza zuwa 2025: UMBC ta doke Virginia 74 da 54 a 2018, Fairleigh Dickinson ta doke Purdue a 2023. Amma ka zaɓi mai lamba 12 guda ɗaya ta kayar da mai lamba 5, domin hakan yana faruwa a kai a kai. Alhamis da Juma'ar farko akan buga wasa 16 kowace rana, wasu a lokaci guda, don haka ka riƙa bin allon sakamako kana komawa ga duk wasan da ya rage minti huɗu kuma tazara ba ta wuce maki biyar ba.

Kada ka bar gasar mata a baya. Caitlin Clark ta Iowa ta karya tarihin maki 3,667 na Pete Maravich a 2024, wanda shi ne mafi yawan makin da ɗan wasa ya taɓa tarawa a mataki na ɗaya na NCAA, kuma wasan ƙarshe na shekarar, wanda South Carolina ta doke Iowa, ya fi na maza masu kallo a talabijin. A kwanakin da babu wasa tsakanin zagaye da zagaye, tsofaffin wasannin ƙarshe suna nan a intanet. Ka nemi na 1983, inda North Carolina State ta kayar da Houston 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, amma aka ba Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, kyautar gwanin gasa duk da ƙungiyarsa ce ta sha kashi.

A ƙarshen Maris da farkon Afrilu wasannin biyu sukan haɗu na ɗan lokaci, besbol ya buɗe kakarsa yayin da jami'o'i huɗu suka rage a gasa. A wannan mako ka ba ƙwallon kwando idonka, wasan ƙarshe na mata ranar Lahadi, na maza daren Litinin, besbol kuwa ka bar shi a rediyo da jadawalin safe. Ranar Talata ka feƙe fensirinka, domin ƙungiyarka tana da sauran wasa kusan 150 a gabanta.